Wanda Yake Sa wa Dalma Riga

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma ga shi ɗan kawuna ya sake riga ni. Ya riga ni zuwa duniya da shekara tara, ya riga ni aure, ya riga ni Makka, yanzu kuma ya riga ni kwanta dama. Tun da nake ban taɓa isa wani wuri ba sai na iske sawunsa.

Ranar Talata bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Na ga jana'iza a Toranke, amma ban ga irin wannan ba. Mutanen Gaya sun zo a adaidaita sahu, na Ajingi a kan babura, Fulani sun gangaro daga rugage da sandunansu, ga tsofaffin maharba da ba a ƙara ganinsu ba tun da daji ya koma gona. Na tsaya a sahun gaba ina addu'a, amma Allah Ya yafe mini, sau biyu na waiwaya ina ƙirga sahu. Na lissafa waɗanda za su zo tawa, har da masu zuwa don kunya, ban cika sahu uku ba.

A wajen zaman makoki kowa da abin da yake faɗi. Liman ya ce bai taɓa riga shi shiga masallaci da asuba ba. Wani Bafulatani mai furfura ya zauna yana share hawaye da gefen rawani, yana cewa, "Shi ya raba mu da kura, shi ya raba mu da kura." Wani daga Gaya ya rantse cewa mamacin bai taɓa harbi ya kuskure ba. Ƙarya ce wannan. Sau goma sha ɗaya ya kuskure, ina da su a kai, ina iya faɗin wurin da kowanne ya faru. Sai wani tsohon maharbi ya girgiza kai ya ce, "Shi ya kamata a ba Sarkin Baka a waccan shekarar. Har yau ban san abin da ya sami hannunsa ba ranar."

Na sunkuyar da kai na kama carbi.

Can sai wani baƙo ya matso ya miƙo mini hannu. "Baba, ya haƙuri? Kai mene ne naka da shi?"

Ka ji fa. Shekara hamsin ina bayan mutumin nan kamar jelar rigarsa. Na ce, "Ni ne mai karanta masa takarda."

Ya dube ni, ya dubi na kusa da ni, ya ce Allah Ya jiƙan rai, ya tashi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta da shi, kuma don a san akwai ni.

Ni dai na yi karatu. Rani biyu cur na yi ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Ajingi, da gemuna da komai. Ina karanta boko in baƙaƙen manya ne kuma ba a tsaya mini a ka ba. Saboda wannan ɗan kawuna ya sa mini Akawu. Taubashina ne, yana da ikon ya kira ni abin da ya ga dama, ni ma ina ce masa Jahili a gaban kowa, ya amsa da "Na'am, ranka ya daɗe." Sunan Akawu ya bi ni har jikokina ba su san na yanka ba.

Shi kuwa abin da yake da shi bindiga ce. Kada ka ɗauka bindigar toka ce irin ta kowa, wadda ake ɗura wa ta baki. Wannan ta baya ake buɗe ta, harsashi ɗaya take ci, bakinta kuwa babban yatsa yana shiga har ya juya. Kawuna ya yi wa wani Bature ɗaukar bindiga a farauta, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita da kwansunan harsashi na tagulla cikin gwangwani. Daga kawuna ta zo hannun ɗansa. Tsohuwa muke ce mata. In ta yi magana a bakin kogi, mata a cikin gari sukan ajiye taɓarya su ce, "Yau akwai nama."

To ga abin da ke cina, in faɗe shi tun yanzu: tun da nake bai taɓa bari na harba ta ba. Ko sau ɗaya. Na ɗauke ta a kafaɗa har kafaɗar ta yi kanta, na goge ta, na kwana da ita a gefena a daji. In na ce, "Yaya, yau dai," sai ya ce, "Akawu, kai ko ƙofa aka buga rufe ido biyu kake yi. Wanda ya rufe ido biyu garin wa zai harba?" Ranar da muka dawo daga maƙabarta kuma, babban ɗansa, wanda ke aiki a sakatariyar Ajingi, ya faɗa mana cewa takardar izinin bindigar da sunan mahaifinsa take, don haka da an yi sadakar bakwai zai miƙa ta ga hukuma. Kwana bakwai ke nan suka rage mini daga cikin shekara hamsin.

Bari in faɗi yadda yake aikinsa, don ba na jin akwai wanda ya rage mai yi. Harsashin Tsohuwa ba a sayar da shi a ko'ina, shi yake zuba dalmarsa. Amma ba ya harba dalma tsirara. Yakan ce dalma tsirara shafe cikin bindiga take yi, ta fita tana layi kamar mai jin barci. Sai an sa mata riga. Da hantsi zai shimfiɗa buzu a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya ɗauko takarda da aka yanka a karkace, baki da baki, ya lasa ta da harshe, ya ɗora dalmar a kan wani ɗan allo, ya mirgina. Naɗi biyu, ba ƙari ba ragi, bakin takardar ya zo ya haɗu da ɗan'uwansa kamar an ɗinka. Ya murɗe wutsiyar, ya jera su a faifai su bushe a inuwa, sannan ya shafa musu kakin zuma. Ba ya magana in yana yi. Ko sallama aka yi da kai yake amsawa.

In ya yi harbi kuma, ba ya fara zuwa wajen naman. Taku biyar zai yi gaba ya tsuguna yana tsintar guntayen takardar da suka zubo. Ya jera su a tafin hannu yana dubawa. In sun fita siri-siri, a tsage daidai, sai ya ce, "Je ka ɗauko, yana nan kwance." In sun fita a dagargaje ko a ƙone, sai ya ce, "Kada ka wahalar da ƙafarka." Kuma haka ake iskewa. Ni da na yi rani biyu a aji na sha karɓa in jujjuya, ban taɓa ganin komai ba sai shara. Shi Jahili shi ke karantawa. Wannan ya daɗe yana ƙona mini rai.

Ina na shigo ciki? Ga inda na shigo. Mutumin nan yana da tsoron Allah. Ba zai taɓa naɗe dalma da takardar da ke da sunan Allah ba. Ta ajami ko ta Larabci yana gane ta da ido, ya sumbace ta ya ɗaga sama. Amma ta boko fa? Ai ita ma ana rubuta sunan Allah a ciki. Don haka duk takardar da ta shigo hannunsa sai ya aiko a kira ni.

"Akawu, duba mini. Babu sunan Allah?"

Sai in gyara zama, in yi gyaran murya, in bi ta da yatsa layi-layi, ina jan lokaci don mutane su gani. In na gama in ce, "Babu. Harba abinka." Rabona ke nan a cikin Tsohuwa, kuma ban taɓa wasa da shi ba.

Takarda mai kyau wuya gare ta. Ta siminti ta yi kauri, jarida da ta ji yawu sai ta narke. Wadda ta fara yi masa daidai ita ce ta littafin rubutuna na aji. Ya ce in ara masa warƙa ɗaya. Kafin kaka ya cinye littafin har bango. Duk ba da bi da bu ɗin da na sha wahalar rubutawa suna can warwatse tsakanin Toranke da bakin kogi. Wanda ke mamakin yadda karatuna ya tsaya a rabi, to ga inda sauran ya tafi.

Amma in faɗi gaskiya, da littafin nan ya yi mini abin da ba na mantawa. Wata damina mugun dawa ya sa mini gonar gyaɗa a gaba, kullum in iske ya tone kunya goma. Ita ke nan gare ni a shekarar, ga iyali. Ɗan kawuna ya bar nasa noman, kwana huɗu yana bin sawu, ya kwantar da shi da harbi ɗaya. Da mutane suka taru suna yaba shi, sai ya ɗaga guntun takardar da rubutuna a jiki ya ce, "Ba ni ba ne. Ilimin Akawu ne ya kashe shi." Aka yi ta dariya. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, don ko kyauta zai yi maka sai ya fi ka a cikinta.

Yanzu na zo inda carbi ya kama ni.

Wata shekara sarautar Sarkin Baka ta faɗi, aka ce dagaci da kansa zai fito farautar rani ya ga hannun kowa. Kowa ya san ta ɗan kawuna ce. Ana saura mako guda ƙanin matarsa ya zo baƙunta daga Gaya, mutumin da ko gwafa bai iya riƙewa ba. A gabana, ina tsaye da gorar ruwa, ɗan kawuna ya miƙa masa Tsohuwa ya ce ya gwada. Ya harba. Ya yi ta washe baki yana shafa kafaɗa.

Na ce, "Yaya, shi ba ya rufe ido?"

Ya ce, "Shi baƙo ne, Akawu. Kai kana nan kullum."

Na tafi gida ban ci tuwo ba. Kashegari ya aiko a kira ni. Na iske shi yana murna kamar an yi masa haihuwa. Wani masinja a Gaya ya ba shi damin takardu, sirara, masu ƙarfi, in ka kaɗa su har ƙara suke yi. Bai taɓa samun irinsu ba, kuma ba shi da wata a gida.

"Akawu, duba mini."

Na duba. Sanarwar rigakafin shanu ce, a kawo shanu rana kaza wuri kaza. Duk damin abu ɗaya ne. Na bi ta da yatsa har ƙasa, na ɗago na ce, "Akwai. Ga shi nan, ga shi nan. Kowace warƙa akwai."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sumbata, ya naɗe damin cikin fatar akuya, ya ɗora a saman katangar ɗakinsa inda yake ajiye Alƙur'ani. Ranar farauta da jarida ya yi wa dalmarsa riga. Barewa ta fito fili a gaban dagaci, ya harba, ta wuce. Ta sake tsayawa kamar an ɗaure ta, ya sake, ta wuce. Biyu ke nan daga cikin goma sha ɗayan da na ce ina da su a kai. Aka naɗa wani. Har ya koma ga Allah ba a ƙara yi masa maganar sarauta ba.

Na yi niyyar faɗa masa. Na yi niyya da zai tafi Makka, na yi niyya da ya kwanta ciwon ƙafa. Kullum na shiga ɗakin sai in ga fatar akuyar nan a sama tana kallona, in yi gaisuwa in fito. Ya kuwa ci gaba da aikowa a kira ni in duba masa takarda, har idonsa ya raunana ya daina fita.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, babban ɗansa ya ce, "Baba Akawu, Inna tana son ganinka." Na shiga. Tana takaba, tana zaune a bayan labule, ni ina bakin ƙofa. Sai ga hannu ya turo abu biyu ta ƙarƙashin labulen: dalma guda ɗaya tsirara, da fatar akuya.

Ta ce, "Saƙonka ne. Ya ce kwanso ɗaya ya rage mai rai. Ya ce a ba Akawu ya harba kafin a mayar da ita. Amma shi zai sa wa dalmar riga da hannunsa, kuma da wannan takardar, ba wata ba. A gaban mutane."

Na ce, "Matar Yaya, ai wannan... ai akwai..."

"Akwai me?"

Na dubi fatar akuyar.

Ta ce, "Tun kasuwar Gaya ta bayan farautar ya kai wa malamin dabbobi warƙa ɗaya ya karanta masa."

"Ya sani?"

"Shekara arba'in da wani abu."

"To me ya hana shi faɗa mini?"

"Na tambaye shi. Ya ce in ya faɗa, kunya za ta hana ka zuwa. Ya ce Akawu ba shi da wani aiki a duniya sai wannan, in na karɓe me zai yi?"

Kun ji mugun mutum. Yana kabari ma sai da ya ɗana mini tarko. Duk Toranke an san damin nan, an san Akawu ne ya ce akwai sunan Allah a ciki, har tsofaffi kan ce albarkarsa ce ta hana gidan gobara. In na yanka shi na cusa a bindiga ban ce komai ba, na zama wanda ya harba sunan Allah. In na ƙi, Tsohuwa ta tafi ban taɓa jin ta a kafaɗata ba. Hanya ɗaya ya bar mini, kuma ya san ta.

Kwana huɗu ina jujjuya abin. Na ce a raina tsoho da ni, me zan yi da harbi? Na ce mutunci ya fi. Sai in tuna ƙanin matarsa yana washe baki.

Ranar bakwai da hantsi, bayan an shafa addu'a, ɗan ya sanar cewa ya nemi izini, za a yi wa Tsohuwa sallama da harbi ɗaya a bayan gari. Aka ɗunguma, har Liman. Aka kafa tsohon tulu a kan suri, a gonar da aka riga aka girbe. Na shimfiɗa buzunsa, na kwance fatar akuyar. Nan take tsohon maharbin nan ya ce, "Kai, Akawu! Ba ita ce mai sunan Allah ba?"

Na miƙe. Na ɗaga warƙa ɗaya na karanta musu da ƙarfi, kuma ban taɓa karatu mai kyau irin na ranar ba: a kawo shanu, rana kaza, wuri kaza. Na ce, "Abin da ke ciki ke nan. Babu sunan Allah, ba a taɓa yin sa ba. Ƙarya na yi masa don ƙyashi. Ni na hana shi Sarkin Baka."

Tsohon maharbin ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe ba hannunsa ba ne." Ya juya wajen mutane. "Kun ji? Na faɗa muku ba hannunsa ba ne!"

Liman ya ce, "Mai haƙƙin ya yafe, tun da shi ya ba ka. Saura tsakaninka da Allah. Zauna ka yi abin da aka sa ka."

Na zauna. Shekara hamsin ina kallo, ashe hannu ya ɗauka ban sani ba. Na yanka a karkace, na lasa, na mirgina. Ta farko ta yage. Ta biyu bakin ya haɗu. Muka jira ta bushe. Maharbin ya haɗa mini ita da kwanson, ya sa a bindigar, ya ɗora mini a kafaɗa. Na ce bismilla. Na rantse ido ɗaya kawai na rufe, sai dai daga baya aka ce mini ba shi ake rufewa ba.

Abin da na sani shi ne na ga sama, na ga tafin ƙafafuna, hulata tana can. Da hayaƙi ya washe, tulu yana zaune a kan suri lafiya lau, ko ƙura bai yi ba. Mutanen da suka zo makoki suka fashe da dariya, Liman yana toshe baki da hannun riga. Ban kula su ba. Na rarrafa taku biyar na tsinci guntayen takardar, na jera a tafin hannu, na juya in ce, "Yaya, duba mini."

A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar Talata.

Na kai su gida a dunƙule a hannu, don ban san inda zan kai su ba. Na zauna a bakin ƙofar matar Yaya. Ta ce, "Turo in gani." Na tura ta ƙarƙashin labule. Na ji tana jujjuya su.

"Siri-siri, a tsage daidai," in ji ta. "Rigar ta yi. Mai harbin ne bai yi ba."

Na ce, "Ke kuma wa ya koya miki?"

"Wa kake tsammani yake yanka masa takardun nan tun ina amarya? Da idonsa ya raunana ma ni nake naɗawa."

To kun ji. Ya koya wa matarsa, ya ba ƙaninta harbi, ni da na ba da littafina sai da ya mutu, kuma sai da ya tsayar da ni a gaban gari. An kai Tsohuwa Ajingi a bayan babur, naɗe cikin buhu. Kafaɗata har yau ba ta ɗaguwa. Sauran damin kuwa na mayar da shi cikin fatar akuyarsa, yana saman katangar ɗakina.

Allah Ka jiƙan ɗan kawuna, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka suturta shi kamar yadda ya suturta ni shekara arba'in bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Ka ba iyalinsa haƙuri. In kuma na zo na iske ya riga ni shiga Aljanna, wanda na san zai yi, Ka ba ni ikon yi masa murna. Ko da rabi ne.